Ƙwaryar Hajjo

Laraba bamagujiya ce, tsohuwa mai baki, gidansu yana bayan Gozaki wajen gonakin auduga. Tsufa ya fara taɓa mata kai. Takan zuba gishiri sau biyu a miya, takan kira jikanta da sunan karen gidan, in an yi magana ta ce ai halinsu ɗaya.

Ƙawarta ta tun ƙuruciya ita ce Hajjo, bafulatana, wadda a da take kawo nono ta karɓi dawa. Tun da mijin Hajjo ya rasu, aka sayar da sauran shanun, sai ta shige ɗaki. Ba ta cin abin kirki, ba ta hira. Ɗanta Sada ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Malumfashi. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ga kuma 'yar mantuwar tsufa. Ya ba da magani, ya ce kada a bar ta ita kaɗai, a nemi abin da zai riƙa fito da ita.

Da Laraba ta ji, sai ta tafi dubiya. Ta yi tsiyar da suka saba, ta ce Fulani ba su iya komai ba sai kunya da bin saniya. Hajjo ta juya wa bango fuska. Da za ta fita, Laraba ta sauke ƙwaryar nono mai zane daga ragaya, wadda Hajjo ta gada wajen uwarta, ta cusa cikin mayafi ta yi gaba.

Washegari ta aika Sada ya gaya wa uwarsa an gode, ƙwaryar ta yi daidai da shan burkutu.

Rana ba ta take ba sai ga Hajjo a ƙofar gida da sanda, tana haki, ɗankwali a karkace.

"Ke Bamagujiya, ba ni ƙwaryata."

"Wace ƙwarya, 'yar Fulani? Kin san ni da mantuwa."

Sai da Laraba ta ja mata rai son ranta, sannan ta shiga ɗaki ɗaukowa. Nan wasa ya juye. Ta duba ƙarƙashin gado, babu. Ta zazzage kwandon tsumma, babu. Ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta rasa ma inda ta nufa da ita jiya.

Hajjo ta ɗauka iya shege ne, har ta ɗaga sanda, sai ta ga Laraba tana sake zazzage kwandon da babu komai a ciki. Ta sauke sandar ta zauna bakin gado, ta ce ita ma shekaranjiya ta nemi carbinta har da hawaye, ashe yana wuyanta. Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu. Matan gidan suka kawo kunu, Hajjo ta shanye ba ta ma lura ba.

Da yamma, bayan Hajjo ta tafi, Laraba ta ga ƙwaryar a ƙarƙashin rumbu, kaza ta saka ƙwai a ciki. Ta bar ta a nan, ta ɓoye wa Hajjo. Kullum Hajjo sai ta tako nema, kullum Laraba sai ta kai ta inda ta san babu. Ranar da asiri ya tonu, kazar ta riga ta kwanta. Hajjo ta ce ba mai tayar da ita, amma tun da a ƙwaryarta ake ƙyanƙyasa, rabin 'yan tsakin nata ne.

Ba a ce Hajjo ta warke ba. Wani lokaci ciwon yakan kwantar da ita, sai Laraba ta je ta zauna kusa da ita tana sussukar masara. 'Yan tsakin kuwa sun girma, shirwa ta ɗauke ɗaya, har yau kowaccensu tana rantsuwa na ɗayar ne aka ɗauka.