Rigar Da Ba A Wankewa

Darlene ce ta fara ganin sawun. Tana cikin ɗaure kwale-kwalensu a bakin tsibirin tsakuwa ta hango shi a laka: tafin beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, faɗinsa ya kai farantin cin abinci, ko ruwa bai gama taruwa a cikinsa ba. A gefensa ga wasu ƙanana sun bi.

"Yaya, zo ka gani. Uwa ce, kuma da 'ya'ya."

Yayanta Orrin bai ko waiwayo ba. Yana ta fama da sandar fatsarsa. "Kogin nan na ubanta ne? Ta ci nata, mu ci namu."

A wannan yanki na Alaska, babban kifin nan cinuk da kowa ke kira sarki, na farkon shekara ba wanda ya kama ke ci ba. Tsohon gida ake kai wa. Mahaifiyarsu ta daɗe a kwance, komai aka kai bakinta sai ta kau da kai, amma jiya da bakinta ta ce tana marmarin romon kan sarki. Abin da ya fito da su ke nan, a shekarar da kifin ya yi ƙaranci.

Darlene ta buɗe akwatin kayan fatsa ta zaro cokali, wato ƙarfen nan mai walƙiya da ake ja a ruwa kifi ya kawo masa cafka. "Mu yi da wannan yau. Ka bar ƙwan nan a rufe cikin jirgi. Iska daga kanmu take busawa zuwa cikin duhuwa."

"Dubi ruwan nan, malama mai wa'azi. Ƙanƙarar dutse ta narke, ya yi kauri kamar kunu. Wane kifi zai ga cokalinki? Sai dai ki ba shi tabarau." Ya yi dariya. "A irin wannan ruwa da hanci sarki ke farauta."

"Ba shi kaɗai ke da hanci ba."

Gaskiya ya faɗa game da ruwan, kuma nan ne matsalar take. Mutum in ya yi gaskiya a abu ɗaya, sai ya ɗauka ya gama da sauran. Orrin ya buɗe robar ƙwan. Ƙwan kifi ne da ya jiƙa da gishiri da sukari tun bara, ja wur, warinsa na dukan hanci. Ya ciro curi ya ɗaure a ƙugiya, sannan ya yi abin da ubansu ya yi duk tsawon rayuwarsa: ya goge hannu a ƙirjin rigarsa.

Rigar ta marigayin ce, mai kauri, kuma tun da aka saye ta sabulu bai taɓa ta ba. Masunta da yawa a kogin sun yarda cewa wanda ya wanke rigar kamun kifi ya wanke sa'arsa. Gabanta ya yi ja, ya ƙandare kamar busasshiyar fata.

Darlene ta ɗauki cokalinta ta koma gefe. Tana jifa, amma idonta na kan duhuwar da ke bayansu. Tsuntsaye ba sa kuka. Ga ragowar wani kifi a kan tsakuwa, an cinye cikin an yar da sauran, ƙuda bai riga ya same shi ba.

Ba a daɗe ba sandar Orrin ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Abin naɗe zaren ya ɗauki ƙara.

"Kin gani ko? Je ki gaya wa cokalinki."

Kifin ya yi ƙasa da gudu, Orrin ya bi shi ta bakin ruwa, yana tuntuɓe yana dariya. Darlene ta ajiye sandarta ta bi bayansa. Sai da suka yi nisa ta tuna bindigarsu na kwance a cikin jirgi. Sarkin ya yi tsalle ya faɗo, ruwa ya fantsama, ƙarar ta cika kogin. Beyar ɗin wannan kogi sun san ƙarar nan sarai. Sun koyi cewa inda zare ke kuka, akwai kifin da wani ya riga ya gajiyar.

Da Darlene ta waiwaya, uwar beyar ɗin na tsaye tsakaninsu da jirgin.

Ba ta ji fitowarta ba. Ƙatuwa ce, gashinta a jiƙe, 'ya'yan na leƙe daga bayanta. Kowane yaro a garinsu ya san dokar: ba a gudu, ba a ihu, kuma in da kifi a zare, a yanke.

"Yaya," ta ce a hankali. "Yanke zaren."

"Kin haukace? Ya kusa gajiya."

"Dubi bayanka."

Ya duba. Fuskarsa ta canza, amma hannunsa bai saki sandar ba. "Na Mama ne, Darlene. Ba lallai mu sake samun wani ba bana. Bari in jawo shi kaɗan."

Ba ta tsaya musu ba. Ta zaro wuƙar ƙugunta ta ɗora a zaren, ya tsinke da ɗan sauti kamar an karya tsinke. Sandar ta miƙe. Kogin ya yi tsit.

Ya kamata a ce beyar ta juya. Ba ta juya ba. Ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta ɗaga hanci tana shaƙar iska, kanta na kaiwa da komowa har ya tsaya a kan Orrin. Ta sauko, ta fara takowa, haƙoranta na haɗuwa ƙas, ƙas.

"Wuce abinki, baiwar Allah," Darlene ke faɗi da muryar da ake lallashin yaro. "Mutane ne, wuce abinki." Ba ta ɗauke ido ba ta ce wa Orrin, "Cire rigar."

"Ta Baba ce."

"Baba ya mutu a gadonsa. Kai a nan kake so? Cire."

Ya kama ɓalle ta, maɓallan sun ƙi fita, tsohon ƙwai ya manne su. Beyar ta matso har Darlene na jin warinta, warin ruɓaɓɓen kifi da jiƙaƙƙen gashi, tana kuma jin tsakuwa na nutsewa a ƙarƙashin tafinta. Darlene ta cusa wuƙar ta ƙasan rigar ta tsarge ta har wuya. Orrin ya zame hannuwansa. Ta dunƙule rigar ta wurga cikin ruwa, can gefe, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi.

Rigar ta yi iyo, jan ƙirjinta a sama. Kan beyar ya bi ta. Ta dube su, ta dubi rigar, sannan ta faɗa ruwa. Cafka ɗaya ta yi mata. Suna ji tana yaga ta, kamar ana yaga takarda.

Ba su gudu ba. Suka bi gefen ruwa da baya da baya, kafaɗa da kafaɗa, suka yi wa 'ya'yan nisa gwargwadon yadda tsibirin ya bari. Ɗaya daga ciki ya yi ɗan kuka, uwar ta ɗago kai da tsumma a baki. Darlene ta daina numfashi har sai da kan ya sake sunkuyawa. A jirgi, robar ƙwan na nan a buɗe yadda Orrin ya bar ta. Ta kife ta a kogi. Hannunsa ya kasa jan igiyar inji, ita ta ja.

A gida, tsohuwar ta dubi hannuwansu wayam, ta dubi ɗanta da ke tsaye da 'yar singileti yana karkarwa.

"Ina rigar ubanku?"

"Beyar ta cinye, Mama," in ji Darlene. "Kifin kuma ni na yanke."

Tsohuwar ta kalli ƙirjin Orrin, inda bakin wuƙa ya ɗan karce shi. "Tun ina amarya nake roƙon a bar ni in wanke rigar nan," ta ce. "Dafa mini shayi."

Orrin ya fita bayan gida ya tsuguna a bakin famfo. Darlene na jin sa ta taga yana dirzar hannu da sabulu, yana ɗaurayewa, yana shinshinawa, yana sake dirzawa. Jan ya ƙi fita daga ƙarƙashin faratansa.