Sojan da Ya Yi Murmushi a Rami

Sunusi direba ne a wani kamfanin jigilar ma'aikata a Doha, kuma irin mutanen nan ne da idan abu ya shiga kansu, sai dai a yi haƙuri da su. Abin da ya shiga kansa a wannan karon wani fim ne da aka yi a ƙasarsu don ƙarfafa gwiwar jama'a lokacin yaƙi. Sojoji ne a cikin ramin yaƙi, kaki a goge, takalma na sheƙi, suna cin shinkafa suna waƙa. Akwai wani dogo mai wushirya a cikinsu da ya juyo ya yi murmushi, bindiga a kafaɗa. Murmushin nan shi ya gama da Sunusi. Ya rantse ranar Lahadi, da ake komawa aiki a Doha, zai ajiye aiki, ya koma gida ya shiga soja.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sake kunna fim ɗin a wayarsa a ɗakinsu na unguwar Al Wukair. Abokin zamansa Ɗalhatu, tsohon soja da yanzu ke gadi a unguwar West Bay, ya leƙo ya kalla, sai ya kwashe da dariya.

"Malam Ɗalhatu, abin dariya ne?" in ji Sunusi, ransa ya ɓaci.

"Ina wurin aka ɗauki wannan. Ramin da kake gani sabo ne, a bayan sansani muka haƙa musu shi. Namu ruwa ne har gwiwa, ga sauro, ga wari. Wa zai shiga da kyamara?"

"To waƙar fa? Ita ma ƙarya ce?"

"Waƙar gaskiya ce, muna yin ta. Amma a tsugune, ƙasa-ƙasa. Wanda ya miƙe tsaye haka a rami, ai ya gaji da kansa ne."

Sunusi ya ce wannan duk surutun wanda ya gaji ne. Shi dai ya ga namiji, kuma irinsa yake son zama. Ɗalhatu bai yi musu ba, ya ɗauki hularsa kawai.

"Yalla, tashi mu je ka gaishe shi."

Suka kama hanyar Umm Salal, Sunusi na ta tsammanin zolaya ce. A ƙofar wata gonar tumatir suka tsaya. Wani dogon mutum ya fito daga ɗakin gadi yana jan ƙafar hagu, ya rungume Ɗalhatu, ya yi dariya, sai ga wushirya. Nan take Sunusi ya gane sojan fim ɗin ne.

"Abdulbaqi, ga masoyinka na kawo maka," in ji Ɗalhatu. "Saboda murmushinka zai bar tuƙi ya shiga soja."

Abdulbaqi ya karɓi wayar Sunusi, ya daɗe yana kallon kansa.

"Wallahi murmushin daga zuciya ne," ya ce. "Ran nan aka ba mu ruwa muka yi wanka, saboda masu fim. Na manta rabona da sabulu. Takalmin ma aro ne, ƙafata ta kumbura da zaman ruwa, da ƙyar ta shiga. Soja aiki ne na mutunci, ƙanina, ban yi nadama ba. In za ka je, ka je, amma ka san inda za ka."

Ya miƙa masa wayar, sannan ya yi tambaya kamar mai jin nauyi.

"Motar da kake tuƙawa, akwai sanyi a ciki? A zaune ake aikin?"

"A zaune ake yi."

"To don Allah in ka ajiye, ka ambaci sunana. Tsayuwar nan tana wahalar da ni."

Tausayi da kunya suka kama Sunusi lokaci guda. Ya dubi ƙafar, ya kashe wayar.

"Yaya, ba zan ajiye ba," ya ce. "Amma ranar Lahadi zan tambaya ko suna neman wani direban."