Ranar da Banki Ya Naɗe Gidana

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu jikina bai sake ni ba. Wai na taso daga makarantar da nake koyarwa, na shiga layinmu, sai na tarar babu gidana. Fili ne fetal. Matata Barira tana zaune a tsakiya tana tsince shinkafa.

"Barira, ina gidan?"

"Mutanen banki ne suka zo bayan azahar suka naɗe shi. Sun ce a gaishe ka."

"Suka naɗe?"

"Kamar tabarma. Da ƙyar na fizgo tukunya."

Shekara goma sha ɗaya ana cire kuɗin gidan nan daga albashina, saura wata uku in gama.

Sai ga ni a banki. Ma'aikatan duk awaki ne, kowacce da katinta rataye a wuya. Aka kai ni wurin manaja, wani bunsuru mai kwat da tabarau. Yana tauna wata takarda a natse. Na leƙa na ga sunana a gefen da ya rage. Takardar filina ce.

"Ranka ya daɗe, laifin me na yi?"

"Watan jiya ka biya da wuri," in ji shi. "Akwai tarar biya da wuri. Tarar ta jawo kuɗin ruwa, ruwan kuma ya haifi tagwaye shekaranjiya."

Ya nuna ƙarƙashin tebur. Ga su nan kuwa, har an shafa musu hoda.

"Amma ai ba ku sanar da ni ba."

"Mun rubuta maka wasiƙa. Mun cinye ta."

A bayansa kanta ce har rufi, cike da gidajen mutane a nannaɗe, kowanne da lamba. Daga cikin ɗaya na ji tari. Na san tarin nan. Baba Sidi ne, maƙwabcina, tsohon direban jirgin ƙasa.

"Innalillahi! Da mutum a ciki kuka naɗe?"

"An lissafa shi cikin kayan gida," in ji bunsurun.

Na ƙwalla ihu, sai ihun ya fito a rubuce. Wata akuya ta buga masa hatimi, ta ce in dawo Litinin.

Kawai sai muka tsinci kanmu a kotu, a tsakiyar tashar mota. Ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya taka lemarsa. Alƙaliyar ita ce Malama Ladidi, wadda ta koya mana lissafi a aji huɗu, ta rasu tun ina saurayi.

"Kai manaja, zo allo," ta ce. "Yi mana lissafin da ya sa ka ɗauke gidan Tanimu."

Bunsurun ya karɓi alli ya cinye. Ta ba shi wani, ya cinye.

"Tunda babu lissafi, dawo da kayan mutane."

Ta ɗaka masa duka ɗaya a baya. Takardu suka fara zubowa daga bakinsa, da makullai, da rasitai, har da ƙyauren banɗaki. Mutane suna tsintar nasu suna salati.

Aka warware gidajen ɗaya bayan ɗaya. Baba Sidi ya fito fale-fale kamar takarda, iska tana kaɗa shi. Na riƙe shi da hannu biyu kada ya tashi.

"Malama, saura nawa suke bina?" ya tambaya.

Ta jera rasitansa ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, ai shekara huɗu ke nan da ka gama biya."

Ya ce, "Bara na sayar da keken ɗinkin marigayiya matata saboda su."

Hawayensa suka bi ruwa suka hau sama.

Malama ta yanke hukunci: banki ya mayar wa kowa abinsa, manaja kuma ya durƙusa gaban kowane mai gida, ya kira sunansa, ya ba shi haƙuri. A fara da Baba Sidi.

Tasha ta yi tsit. Direbobi suka kashe motoci. Bunsurun ya cire tabarau, ya kai gwiwa ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi tsohon. Na kasa kunne. Ya buɗe baki.

Sai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta cika ɗakin, na buɗe ido, gari ya waye. Ban ji ko ya faɗa ba.