Dokar Tekun Tsofaffi

Matata Da-som, 'yar majalisar tsibirinmu, ta sauko daga mota tana sheƙi, fuskarta na haske kamar ranar ɗaurin aurenmu. Na bi ta zuwa zagayen duwatsun da matan ƙauyenmu masu nutso suke jin ɗumi in sun fito daga teku.

"Gwaggo, an yi!" ta ce da Mal-sun, babbarsu. "Majalisar tsibiri ta zartar. Bakin ruwan nan na tsofaffi ne, masu nutso da tukunyar iska a baya ba za su ƙara kwashe muku dodon koɗi ba."

Tun kakanni ake bar wa tsofaffi wurin mara zurfi. Samarin gari sun wawashe shi bara, kuma numfashin Gwaggo ba ya kai ta nesa yanzu. In wurin ya tafi, nutsonta ya ƙare.

"Kowa ya yarda?" in ji Gwaggo.

"Mun yi rinjaye. Pil-gu ne kaɗai ya ƙi a majalisar."

Gwaggo ta tura itace cikin wuta. "To ba a gama ba, 'yar nan. Mu a nan ba ma tashi sai bakin kowa ya zo ɗaya. Wanda kuka kayar da ƙuri'a, shi zai ciro ni in igiyar ruwa ta ja ni?"

Na ga idon Da-som ya ciko, zuciyata ta karye. Wata guda tana fama da dokar nan! Amma washegari ta je har gidan Pil-gu ta taho da shi, da kwat ɗinsa da takalmi mai ƙyalli.

"Kai ne ɗan Sun-deok mai kunnen ƙashi?" Gwaggo ta miƙa masa miyar ciyawar teku. "Zauna, ranka ya daɗe, dutsen ba ya cizo."

"Gwaggo, yaran nan masu tukunyar iska su suka zaɓe ni," ya ce. "Su ma teku suke so."

"Wa ya hana su? Ga bayan fitilar jiragen ruwa can, zurfi kamar cikinka. Su je su yi nutsonsu lafiya."

Mata suka kwashe da dariya, har shi. Ya shanye miyar, ya ce shi da kansa zai gaya wa yaran, ya nemi ƙari.

Da hantsi Gwaggo ta gyara gilashin nutso a fuskarta ta shiga ruwa a hankali. Da-som ta riƙe hannuna gam, muna tsaye, har muka jiyo fiton da take yi in ta taso shan iska daga bayan duwatsu.