Kujerun Lester

Shekara biyu mijina Lester ya yi yana fama da kujeru biyu. Ba na falo ba, waɗanda mutum biyu za su zauna a kai cikin ɗan kumbon da zai dira a kan wata. Kujerar kicin ɗinmu kuwa ta daɗe tana ɗingishi, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Kujerun nan su ne abin alfaharinsa. Yakan ce ko shi bai je wata ba, aikin hannunsa zai je.

Sai kumbon ya yi nauyi. A kamfaninsu mai ƙera kumbon, nan Long Island, aka shiga rage-rage, har ƙusa sai an auna ta. Tagogi ne suka gagara. Wanda ke zaune yana nesa da gilashi, sai an yi masa ƙatuwar taga kafin ya hango inda zai sauka, gilashi kuwa nauyi gare shi.

Wata Asabar ina soya ƙwai, na ga ya manna hanci a 'yar tagar ƙofarmu, wadda ba ta fi tafin hannu ba.

"Doreen, zo ki gani. Har motar maƙwabtanmu su Zielinski nake hangowa."

"To, sannu da aiki. Ƙwanka zai huce."

"In mutum biyun nan a tsaye suke dab da gilashin, ƙaramar taga ta ishe su. Wata ba ya jan mutum ƙasa sosai, gwiwoyinsu za su ɗauka."

Na kashe murhu. "Kujerun fa?"

"A cire su."

"Lester, cikinka za ka daɓa wa wuƙa? Wa ya tambaye ka?"

"In kumbon ya yi nauyi, mai zai ƙare musu kafin su taɓa ƙasa."

Ranar Litinin ya je ya faɗa wa manyansu da bakinsa. Aka rushe sashensa, aka tura shi wajen masu haɗa igiyoyin da za su riƙe mutanen a tsaye. Na ji haushi ƙwarai, shi ko a jikinsa.

Ranar saukar kumbon a kan wata, da la'asar, maƙwabta suka cika falonmu gaban talabijin. Matar Zielinski ta matsa masa wuri.

"Zauna mana, Lester, ka tsaya mana a ka kamar soja."

Ya ce, "Su ma a tsaye suke."

Ban taɓa ganin namiji kamarsa ba. Na ajiye farantin da ke hannuna, na je na tsaya kusa da shi har suka dira.