Yayen 'Yan Faifai

Da sabon majanyi a jaka Inna Hapsatu ta sauka a Birnin Kudu. Ta zo ɗaukar jikarta Safiyatu ne ta tafi da ita Gwaram yaye, kuma babu gidan da ba ta shiga ta faɗa ba kafin ta taho. Ta yi wa ɗaki daɓe, ta ware 'yar akuya ta ce ta yarinyar ce, ta sa an surfa geron kunu. Shekara da shekaru tana kallon sa'anninta suna shiga gidan biki da jikoki a baya, ita kuwa daga ita sai carbinta. To, yanzu nata ya zo.

Sai dai surukarta Ummussalma ta ƙi ba da kai. Ba rashin kunya take yi ba, da hakan ne ai da Inna ta san maganinta. Har ƙasa take durƙusawa ta ce, "Inna, a ɗan ƙara mata kwana biyu." Su cika, a sake roƙon wasu. Inna ta cika ta yi fam, ta rasa inda za ta sauke, sai ta koma zaman falo.

A falon akwai wani akwatin gilashi, da ɗan inji yana ta ɓulɓulo iska a ruwa. Ɗanta Badaru, mai haɗa wa mutane sola, shi ya ajiye kifi a ciki, ba na ci ba, na kallo. Guda biyu ne, faffaɗa, zagayayyu, da zane-zane ja da shuɗi. Shi yana ce musu diskas. Ita ta ce wannan suna ya fi ƙarfin haƙoranta, 'yan faifai ne.

Rannan da hantsi ta matsa har hancinta yana taɓa gilashin, sai ta ja da baya tana salati.

"Kai, zo nan!" Badaru ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Kana zaune kaska ta cinye maka dabbobi? Dubi yadda ta yi musu caa a jiki!"

Badaru ya yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, 'ya'yansu ne. Nono suke sha."

"Kifin? Ni za ka mayar sakarya? Ina tatsar saniya tun ba a san za a haife ka ba. Nuna min hantsar."

Babu hantsa, in ji shi. Wani yauƙi ne fatar iyayen take fitarwa, shi 'ya'yan suke tsotsa, kuma ba su san wani abinci ba sai shi. Haihuwar fari ma, wani abokinsa mai kiwon tarwaɗa ya ce ya yi maza ya raba su kada iyayen su haɗiye su. Ya raba, suka mutu ƙurmus a roba. Tun daga nan ko hannu ba ya sa musu.

Inna ta jawo tabarma. Tana kallo, ɗaya ta girgiza jiki sau ɗaya ta wuce fuu, 'yan mitsi-mitsin nan suka watse, suka koma kan ɗayan suka manne.

"Wannan kuma wa aka miƙa wa?"

"Uban ne."

"Har namijin?" Ta riƙe haɓa, ta kalli ɗanta sama da ƙasa. "Ikon Allah. Ashe a ruwa mazan kirki suka ƙare."

Daga ranar Inna ba ta da aiki sai 'yan faifai. Shayinta ya huce a gabanta, a yi mata magana ba ta ji. Tana so ta san ko uwar tana gane nata, ko suna barci, ko uban yana tsawa. Kuma idon da ya saba duba shanu bai daɗe ba ya ga abin da yake nema: uwar ta yi duhu, ta rame, fatarta duk ta goge, tana laɓewa a lungu, 'ya'yan kuwa sun yi ƙato-ƙato suna binta.

Sai ta ɗaga murya yadda za a ji a madafa. "Komai son uwa da ɗa, in lokacin yaye ya yi ya yi. In an bar su sai sun tsotse ta ƙashi da rai."

A madafa Ummussalma ta ci gaba da juya muciyarta.

Washegari Badaru ya tafi aiki Wurno. Inna ta ce yau za a ga yadda ake yaye a gidan nan. Ta wanke sabuwar ƙwarya, ta cika ta da ruwan randa mai sanyi ƙarara, don a ganinta wannan shi ne gata. Ta sa ludayi tana kwaso 'ya'yan, iyayen suna ta kai wa ludayin cizo. Ta kai ƙwaryar ɗakin da aka sauke ta, nesa da idon uwa kamar yadda ake yi, ta barbaɗa musu garin gero.

Ba su ko kalli garin ba. Suka dunƙule waje guda a gindin ƙwarya, suka yi baƙi. Can ɗaya ya juya cikinsa sama. Wani ya bi shi. Tsoro ya kama Inna sosai, ta manta ma fushi take yi.

"Salma! 'Yar nan, zo!"

Ummussalma ta shigo da Safiyatu a baya. Hannu kawai ta tsoma a ruwan, ta ɗauki ƙwaryar da gudu. Ta riƙa ɗibar ruwan gilashin mai ɗumi tana tsiyayawa a ciki kaɗan-kaɗan, sannan ta mayar da masu motsi wajen iyayensu. Suka ruga suka manne. Waɗanda suka rage a ƙwaryar kuwa sai dai a zubar, kuma ba kaɗan ba ne.

Inna ta zauna daɓas. Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido.

"Gaskiyarki ce, Inna, sun isa yaye," in ji Ummussalma a hankali. "Ai na fara musu. In baban Safiyatu ya fita ni nake kula da su."

Ta ɗauko wata gora daga bayan akwatin, ruwan gishiri ne a ciki da wasu 'yan halittu ja-ja, ƙanana kamar ƙura, wai 'ya'yan wani jatan lande ne da ake ƙyanƙyashewa a nan. Ta tace, ta zuƙa da sirinji, ta ɗiga daidai gefen uwar. Wasu 'ya'yan suka saki fata suka cafka, suka koma. Cikinsu ya yi ja.

"Sai sun iya cin wannan suna jikinta tukuna. Ran da suka fara barinta da kansu, sai a mayar da su wancan." Ta nuna ƙaramin akwati da ke jingine da babban. "Da ruwan da suka saba, kuma suna hango ta."

Da la'asar Inna ta ga Ummussalma a gindin bishiya, ta ɗora Safiyatu a cinya, nono a rufe, tana lallaɓa ta da cokalin kunu, a sha ɗaya a tofar da ɗaya. Ashe kwana biyun da ake ta roƙo ke nan. Sai ta tuna nata. Rijiya ta tafi ta dawo ta tarar uwar mijinta ta wuce Yalwan Damai da Badaru yaye. Ba ta tambaya ba, wa yake tambayar ɗan fari? A bayan rumbu ta yi kukanta. Da aka dawo da shi, bayan kakarsa ya ɓuya yana leƙenta kamar baƙuwa. Abin ya yi mata ciwo, kuma yau ta gane har yanzu bai daina ba.

Badaru da ya dawo ya ga ɓarnar, ya buɗe baki, ya kalli uwarsa, ya rufe. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

Ranar da aka mayar da 'ya'yan 'yan faifai ƙaramin akwatin, suna cin jan abincinsu suna zagaye gilashi ta ɓangaren uwarsu, ranar Ummussalma ta daina roƙo. Ita da kanta ta haɗa kayan yarinyar, ta ɗora ta a bayan Inna, ta ɗaure sabon majanyin. Idonta ya yi jawur amma ba ta bari ya zubo ba. Mai mashin yana ƙofar gida yana jira.

Inna ta ji ɗumin goyo a bayanta, abin da ta daɗe tana so. Ta taka har zaure. Ta tsaya. Sai ga ta ta juyo, ta ratsa tsakar gida, ta shige ɗakin da ke jikin na Ummussalma.

"Kai," ta ce da ɗanta ta bayan labule, "ka ce da mai mashin ya je Gwaram ya taho min da akuyar da geron."

"Inna, mutanen da kika gaya wa fa?"

"Su zo su ga kifi mai nono."

Safiyatu ta waiga ba ta ga uwarta ba, ta tsala ihu. Inna tana jijjiga ta, ta matsa jikin bango ta ƙwanƙwasa.

"Yi magana mana, 'yar nan," in ji ta. "Ta ji kina nan."