Rabin Askin Baba

Babana tela ne, mutumin da ko bakin ƙofa ba ya fita da riga ba guga. Da aka rushe shagonsa don faɗaɗa titi, muka tattara muka koma ɗaki ɗaya: shi, Mama, ni, ƙannena, da keken ɗinki da ya cinye kusurwar da ya kamata in riƙa kwana. Aiki ya ja baya, faɗa ya yi yawa. Ana cikin haka sakamakon jarrabawata ya fito, na faɗi warwas. Baba ya faɗa min magana, na mayar masa, ina ji da ƙuruciya. Ya nuna min ƙofa ya ce in fita in ga yadda duniya take. Taurin kan nan nasa ne na gada, sai na fita.

A tashar mota na tarar da ire-irena. Akwai wanda iyayensa suka rabu, kowannensu ya ɗauka yana wurin ɗayan; akwai wanda duka ya koro. Babu wanda ya fito da niyyar daɗewa. Dogo, babbanmu, shi ma kwana biyu ya ce zai yi, ga shi har gemu ya fito masa yana kwana a kan kwali. Shi ya samo mana wuri a bayan wata babbar mota da za ta tashi da rana zuwa garin da ban san kowa ba. Wanda ya hau irin motar nan, ba a cika sake jin labarinsa ba.

Da safen ranar na biya shagon Kawu mai aski in roƙi ruwan wanke fuska. Ba kawuna ba ne na jini, amma tun ina ɗan mitsitsi shi ke mana aski, ni da Baba. Ya kama kaina ya juya shi, ya ciro ɓarɓashin kwali daga ƙeyata.

"Wannan kan ba a kan filo yake kwana ba," in ji shi.

Na so in yi ƙarya, sai kuka ya riga ni. Na gaya masa komai, har da motar. Bai yi min wa'azi ba. Ya leƙa titi, ya ce, "Shiga bayan labule ka ninke min tawul. Kada in ji motsinka."

Ashe ya hango Baba tafe ne, don ranar askinsa ce. Ta ɓular labule na ga an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ya rame, kuma hakan ya ba ni haushi, domin na fi son in gan shi garau in ci gaba da fushina. Kawu ya kunna inji, ya kwashe gefen dama tas, sannan ya kashe ya ajiye.

"An ɗauke wuta ne?" in ji Baba.

"Wuta na nan. Tela, ina yaronka yake kwana?"

"Ƙarasa min aski, ina da ɗinki."

"Zan ƙarasa. Ina yake kwana?"

Kawu ya san mutuminsa. Baba ya dubi madubi, rabi gashi rabi ƙwal, ba halin tashi. 

"Yana wurin ƙanwata mana," in ji Baba. "Ina kuma zai je? Na bar shi ya huce ne. Ƙofar ma tun ranar ban sa mata sakata ba, uwarsa kullum sai ta ajiye masa abinci."

"A tasha yake. Yau da rana zai bi babbar mota."

Baba ya miƙe har kujera ta kife. Ya fice da ƙyallen askin a wuya, gashi na zuba a kan rigarsa mai guga. Masu shaguna suna ta kallo, wasu yara suka fara dariya, ko waiwaye bai yi ba. Tasha ya nufa, yana gudu irin na wanda ya manta yadda ake yi.

Kawu ya ɗaga labule. "To, me kake jira? Bi shi, kada ya zaga garin nan da aikina rabi."

Na cim masa a gaban mai facin taya, yana haki. Na ce, "Baba." Ya juyo ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfi har ya yi min zafi, bai saki ba har muka koma shagon.

A ranar aka matsar da keken ɗinki bakin ƙofa, aka shimfiɗa min katifa a kusurwar. Dogo ya tafi da motar, ban sake ganinsa ba, kuma har yau yana raina.

Yanzu ni ke kai Kawu asibiti idan ƙafarsa ta tashi. Duk lokacin da na yi masa godiya sai ya ce shi dai inji kawai ya kashe. Ina son tsohon nan har raina, kuma ban taɓa yarda da wannan maganar tasa ba.